Waldar da ke Ƙarƙashin Jar Motata

Litinin, 1 ga Satumba

Bari in rubuta a nan, tunda yanzu a gidan nan kowa ya zama malamina.

A aji uku na sakandare na tsaya, ba don kaina ya gaza ba, don babu mai biya. Shekara shida ina riƙe wa wani mutum ƙarfe yana walda, ko tabarau bai taɓa saya min ba, da fasasshen gilashin da na turara da hayaƙi nake kare idona. Injina na farko ni na naɗa wayarsa da hannuna. Rumfata ta farko kwano huɗu ce, ni na kafa ta. Yau shagona ƙofa uku, ma'aikata goma sha ɗaya, kuma babu unguwar da za ka ratsa a garin nan ba ka wuce get ɗin da na ƙera ba. Gidan da nake ciki a bayan kwalin sandar walda na zana shi. 'Ya'ya biyar, huɗu sun ga jami'a, autar tana hanya. Ban gaji ko allura ba. Babu kawu, babu ubangida, babu wanda ya taɓa miƙo hannu ya ce min ungo.

Yanzu ina da shekara hamsin da shida, na ce zan sayi mota ɗaya tak don jin daɗin raina, shi ne babban ɗana ya zo min da takarda. Takarda fa! Injiniya kenan, haka nake kiransa tun da ya gama karatu ya dawo shago yana riƙe mana injin yanka na kwamfuta. Ya jera min dalilai har da lamba. Wai kujera biyu ce kawai. Wai mai take sha kamar randa ta fashe. Wai kayan gyaranta sai an yi oda daga waje. Wai tana sabuwa kuɗin gida ce, yau shekara tara ta dawo kuɗin a-kori-kura. "Baba, ka tambayi kanka me ya kayar da ita haka."

Na ce abin da ya kayar da ita shi ne rabona.

Shagon nan nasa ne wata rana, ya sani, na sani. Amma ranar ba ta zo ba tukuna.

Laraba, 3 ga Satumba

Na koma wajen dillali. Ja ce, jawur, ƙofa biyu, ta kwanta a ƙasa kamar kyanwa za ta kama ɓera. Da ya tayar da ita sai da na ji ƙarar a haƙorana.

Ya ce mai ita likita ne, sai ranar hutu yake fito da ita. Duk motar da ke hannun dillali ta likita ce, na san wannan, ni ba yaro ba ne. Na ƙwanƙwasa jikinta ko'ina, na bi mahaɗar ƙarfe da yatsa, babu inda aka taɓa bugu aka cike. A kan ƙarfe dai babu mai yi min wayo. Na tambayi mai, ya yi dariya: "Yallabai, ai ita wannan ba a yi mata wannan tambayar."

Na zaro tef ɗina na auna faɗinta, na auna tsawonta. Get ɗina ya fi ta da taƙi biyu kowane gefe, rumfar ajiye mota kuma har da saura. Dillali yana ta mamaki, wai bai taɓa ganin mai saye da tef ba.

Ina da shekara goma sha tara muka je sa ƙofa a gidan wani mai kuɗi, irin wannan tana ajiye a tsakar gida, tasa fara. Na gaji na ɗan jingina da ita, ko minti ban yi ba. Ya aiko mai gadi ya ce in matsa, kuma a goge wurin. A gabana aka goge.

Ban faɗa wa Injiniya wannan ba. Ba abin da ake sa wa lamba ba ne.

Juma'a, 5 ga Satumba

Na saya. Gobe zan kawo ta gida.

Asabar, 6 ga Satumba

Ba ta shiga ba.

Lokacin da na gina gidan nan ruwan sama yana kwararowa daga titi, shi ya sa na ɗaga bakin get na yi masa tudu, sannan na shimfiɗa layin ƙarfen da get ɗin ke gudu a kai, yatsa uku sama da siminti. Shekara ashirin ko ɗigon ruwa bai shigo min ba. Mutane har zuwa suke su gani su kwaikwaya.

Na auna faɗi, na auna tsawo. Tsakanin cikinta da ƙasa ne ban auna ba. Ni da tef yake kwana a aljihuna.

Hancinta ya hau, sai na ji ƙurrr daga ƙasa, har cikin hanjina. Na ja baya. Na gwada a karkace. Na sa aka kawo katako biyu aka jera, tayoyin gaba suka haye, cikin ya zauna daram a kan layin ƙarfe, ba gaba ba baya. Kafin ka ce me layinmu ya cika. Tsohon hedimastan da gidansa ke kallon nawa ya fito da kujerarsa, wallahi da kujera, ya zauna. Sai da mutum shida suka ɗaga bayanta aka turo ta waje. Ina jin hedimasta yana cewa, "Maƙwabci, ko dai gidan za a matso mata da shi?"

Uwar yara tana tsaye daga ciki ta rufe baki da mayafi. Ta ce tari ne ya sarƙe ta.

Yanzu tana waje jikin katanga, na lulluɓe ta da tamfol. Tsohuwar a-kori-kurar shago ita ce a cikin rumfa, a inuwa, kamar amarya.

Litinin, 8 ga Satumba

Labari ya riga ni zuwa shago. Da na shiga kowa ya duƙufa a kan aikinsa fiye da kullum, daga nan na gane. Dogo ne kaɗai ya yi magana, shi da muka fara tun rumfar kwano huɗu. Ya ce, "Maigida, an ce amarya ta ƙi shiga ɗaki." Na bar shi, Dogo ne.

Sai Injiniya ya baro injinsa ya zo. Da muryarsa ƙasa-ƙasa ya fara, ban hana shi wannan ba. Ya ce ko dai a fasa tudun a nutsar da layin get, ko a mayar wa dillali tun yau. "Asarar yau ta fi ta wata mai zuwa sauƙi, Baba. Irinsu kullum ƙasa suke yi."

Asara. A gaban ma'aikatana.

Ban san lokacin da muryata ta hau ba. Na ce ƙarfe nawa ka taɓa haɗawa da hannunka? Na ce danna maɓalli ba sana'a ba ce. Na buɗe masa hannuwana na ce karatun da kake min fahariya da shi da ƙunar nan aka biya. Na ƙara da wata maganar da ba zan rubuta ba. Injin niƙa ƙarfe ma sai da aka kashe shi, shagon ya yi tsit.

Ya cire rigar aiki ya rataye a ƙusa, ya daidaita ta kamar zai dawo gobe. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Ya fita.

Zai dawo. Yana da mata da jariri da kuɗin haya, ina zai je.

Alhamis, 11 ga Satumba

Bai zo ba. Mun koma yanka da hannu. Da can da me muke yi.

Lahadi, 14 ga Satumba

Bayan asuba na fita da ita ni kaɗai, na hau babban titin bayan gari, babu kowa. Na taka. Gaskiya a faɗe ta, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Kujera ta rungume ni, bishiyoyi suka zama zare, na ji ina ihu ni kaɗai kamar ɗan shekara goma sha tara. Minti huɗu. Daga nan ramuka suka fara.

Da hantsi na ce wa uwar yara ta shirya in kai ta gidan yayarta. Shigarta kaɗai aiki ne, ga ciwon gwiwa. Da ta zauna ta ce, "Baban yara, wannan ai kamar a bahon wanki nake." Jakarta da ledar tsaraba duk a cinya, don bayan motar ko buhun gawayi rabi ba zai ɗauka ba. Tsakaninmu da gidan yayarta akwai tudun rage gudu guda tara, yau na san adadinsu. Kowanne sai na tsaya cik, na karkace, na hau da taya ɗaya-ɗaya, na baya suna ta hon. Wani mai keke ya wuce mu, muka wuce shi, ya sake wuce mu. A karo na uku ya ɗaga mana hannu.

Ta ce, "Ita ce mai tashi saman?"

A ƙofar gidan sai da yayarta da wata maƙwabciya suka kamo hannuwanta suka zaro ta, suna dariya har da hawaye. Da za a dawo ta ce in yi gaba, za ta hau ta haya.

A hanya ta faɗa min Injiniya yana zuwa gaishe ta idan ya tabbatar ina shago. Wai ya ce ba fushi yake ba. Wai ya gaji ne kawai da aiki da mutumin da bai taɓa yin kuskure ba.

To in ƙirƙiro kuskure don in faranta masa?

Talata, 23 ga Satumba

Ƙusa ta shiga tayar baya. Babu tayar ko-ta-kwana, wai haka ake ƙera su. Mai faci ya juya ta ya juya, ya ce bai taɓa ganin mai faɗinta ba, kuma ta gaba daban ta baya daban. Ya toshe dai.

Man gidan mai na kusa da mu ba ta so, sai ta riƙa shaƙuwa. Sai na tsallaka gari.

Tun ranar get akwai abin da ke kaɗawa a ƙasa, kaf-kaf-kaf, yanzu ya ƙaru.

A shago, matar da ta ba mu aikin get mai zanen ganye ta zo ta ga yankan hannu, ta taɓe baki. Ta ce ina yaron nan mai kwamfuta, shi ta sani. Yaron nan. Shekara talatin da huɗu ina sana'a. Injin yana can lulluɓe a kusurwa, na biya kuɗinsa har na manta, amma ban san ta inda ake ce masa sannu ba. Na kunna shi da rana bayan an fita cin abinci, ya tambaye ni wasu lambobin sirri, na kashe.

Asabar, 27 ga Satumba

Na ɗaga ta da jek na leƙa. Ƙarfen da ke riƙe salansa ne ya tsage, inda ya daki layin get. Abin dariya. Aikin minti biyar. A ce mai shagon walda ƙofa uku ya kai wannan wurin wani?

Na ɗauko ƙaramin inji daga shago da kaina, ban gaya wa kowa ba. Na san ana cire batir, kowa ya sani. Na buɗe gaba, babu batir. Na buɗe baya, babu. Ashe yana can bayan kujera a ƙarƙashin wani murfi mai ƙusoshi masu kan tauraro, ba ni da abin kwance su. Wanda zan tambaya kuma ba na kiransa.

Na ce manyan motoci nawa na yi wa walda batir yana jiki? Tirela, tifa, motar ruwa. Me ya same su?

Na kwanta a kan kwali na yi. Kuma ta yi kyau, wallahi ta yi kyau, ɗinki ya kwanta lumui kamar an zuba shi. A kwance, da hannu ɗaya, ido na shekara hamsin da shida. Na daɗe ina kallonta kafin in fito.

Na sauke jek, na shiga, na danna. Duk fitilun gaban sitiyari suka kama lokaci ɗaya, ja da rawaya, wasu ban taɓa ganinsu ba. Sannan suka mutu. Na sake dannawa. Ko tari ba ta yi ba. Wani ɗan ƙauri-ƙauri yana tasowa ta ƙarƙashin kujera.

Na mayar da tamfol, na kai inji shago ta ƙofar baya.

Lahadi, 28 ga Satumba

Na ce wa uwar yara dillali ne ya cuce ni, dama da ciwonta ya sayar min.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na je na sami dillalin. Ranar da na zo saye har kujera ya goge min da hularsa. Yau yana cin gyaɗa, da ƙyar ya miƙe.

Na ce ya karɓi motarsa. Ya ce, "Motarka dai, Yallabai." Na ce to ya saya. Ya faɗi abin da zai bayar in tana tashi, bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na ba shi wata guda da ya wuce ba. In ba ta tashi kuma, sai dai ya yi wa tayoyi da kujeru kuɗi.

Na ce wata guda fa! Me ya canza a jikinta?

Ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. Wai babu abin da ya canza, dama haka take. "Mai ƙarfin riƙe ta sabuwa yake saya. Mai son tsohuwa ba shi da ƙarfin riƙe ta. A tsakani sai irinku, Yallabai, kuma ba kullum Allah yake kawo irinku ba." Ya ce wata goma sha ɗaya ta yi a wurinsa, masu ɗaukar hoto da ita sun fi ɗari, mai tambayar kuɗi ni ne na biyu.

Na tambaye shi likitan fa. Ya ce wane likita.

Duk abin da ya faɗa yana cikin takardar Injiniya, har da tsarin lamba. Na neme ta a aljihun rigar da na sa ranar, an wanke ta da ita.

Litinin, 6 ga Oktoba

Uwar yara ta ajiye min shayi ta ƙi tafiya, na san akwai magana.

Wani kamfani a can wani gari ya ɗauki Injiniya, tafiyar yini guda a mota. Farkon wata mai zuwa zai fara. Za su ba shi gida. Da matar da jaririn duk za su tafi.

Na ce Allah ya sa alheri.

Ta ce, "Shi kenan abin da za ka ce?" Na ce me ake so in ce. Ta ce kalma ɗaya ce, ko aku aka koya wa zai iya. Ta ɗauke shayin ban sha ba.

Wa na gina wa ƙofa ukun? Ɗana na biyu likitan dabbobi ne, mata biyu suna gidajensu, autar lauya take so. Dogo ya girme ni.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Akuyar wani ta haihu a ƙarƙashin tamfol. Biyu.

Laraba, 15 ga Oktoba

Makanikai uku sun zo sun tafi, kowa ya buɗe ya rufe ya ce ba layinsa ba ne. Yau aka kawo min wanda ake ce wa mai kwamfuta, daga ƙetaren gari, kuɗin zuwansa kaɗai ya isa. Mutum ne mai furfura a gemu, ba ya yawan magana. Ya jona na'urarsa, ya jira, ya girgiza kai. Ya ce ƙwaƙwalwar motar ta ƙone, ba ɗaya ba, biyu. Wuta ce mai ƙarfi ta bi ta jikinta.

Sai ya shimfiɗa tabarmarsa ya shige ƙasa da tocila. Daga can na ji ya yi fito.

"Alhaji, wa ya yi maka waldar nan?"

Na ce haka na saye ta.

Ya ce a'a, wannan ko ƙura ba ta gama hawa ba. Ya fito yana goge hannu. "Shekara ashirin ina shiga ƙarƙashin mota, ban ga ɗinki mai kyan wannan ba. Hannu na gwani. Kai kuma na jaki." Wai in na gano shi in kai shi ƙara.

Na ce zan bincika.

Sabuwar ƙwaƙwalwa sai an yi oda, sati takwas in an yi sa'a, sannan a haɗa ta da makulli, kuma ba ya ɗaukar alkawarin babu wani abin da ya ƙone a ciki. Kuɗin ya kusa abin da dillali ya taya motar gaba ɗaya.

Rabin maganarsa ya yi min daɗi. Abin da ya fi ƙona min rai kenan.

Litinin, 20 ga Oktoba

Matar get mai ganye ta janye aikinta.

Dogo ya same ni a ofis ya rufe ƙofa. Ya ce ƙaramin inji ranar wata Asabar ya dawo da ɗumi, shi ya mayar da shi wurinsa. Da zai fita ya ce, "Ni dai na tsufa da koyon kwamfuta, Maigida. Kai ma haka."

Rigar aikin Injiniya tana nan a ƙusa. Na hana a taɓa, don kada a ce na kore shi.

Asabar, 25 ga Oktoba

Injiniya ya zo yi wa uwarsa sallama, da matarsa da jaririn. Juma'a za su tashi. Ban fita ba, don gidana ne. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, na amsa kamar kullum. Ya rame. Jaririn ya fara zama, ban sani ba sai yau.

Uwarsa ce ta ce, tunda ka zo ka duba wa babanka motar nan mana, ta zama ɗakin akuya. Na ce ba sai ya wahala ba. Ya riga ya miƙe.

Ya yaye tamfol, ya saurari abin da mai kwamfuta ya ce, ya karɓi kwali ya shiga ƙasa da fitilar wayarsa, da fararen kayansa. Ina tsaye ƙafafunsa kawai nake gani. Ya daɗe. Ya daɗe ƙwarai.

Ni idan na kai ƙarshen ɗinki ba na ɗaga sanda haka nan, sai na ɗan komo baya na murɗa, ya bar wani ɗan zagaye kamar ƙwayar wake. Babu mai yin haka a garin nan sai ni. Yana ɗan firamare idan muna tafiya a titi yakan tsaya a get ɗin mutane ya nemo shi da yatsa, ya ce Baba wannan naka ne. Bai taɓa kuskurewa ba.

Ya fito, bayansa duk ƙasa. Bai kalli fuskata ba, hannuwana ya kalla. Uwarsa ta ce yaya. Hedimasta ma ya matso da kunnensa.

Ya ce, "Tsohuwar matsala ce, Umma. Irin motocin nan haka suke, ba laifin kowa ba ne."

Ya ce ya san wani mai gareji da ke da irinta wadda ta yi hatsari, gabanta ya tafi amma ƙwaƙwalwarta lafiya. Zai iya saye, kuma zai fi dillali. Zai yi masa magana kafin ya tafi.

Da ya zage ni a gaban hedimasta da ya fi min sauƙi.

Abinci ya ƙi shiga.

Talata, 28 ga Oktoba

Mai garejin ya yarda. Asara dai an yi ta, ba zan rubuta nawa ba. Duk mai son irin motar nan ya fara auna cikinta, sannan ya auna kansa, ni na gama.

Injiniya ya aiko da takardar ciniki in sa hannu. Shi da takarda. Ya jera duk abin da ke damun motar don kada mai saye ya ce an rufe shi, taya, gogewar ƙasa, komai da lambarsa. Wannan ya yi daidai, haka na koya masa. Sai lamba ta huɗu: "An yi walda a ƙarƙashi batir yana haɗe, wuta ta ƙona ƙwaƙwalwa biyu. Ba a san wanda ya yi ba."

Na karanta ya fi sau goma.

Ba a san wanda ya yi ba. Kamar wani ɗan koyo ne ya laɓaɓo ya yi ya gudu. Shekara talatin da huɗu ban taɓa sakin aiki a ce ba a san mai shi ba, mai kyau ko akasin haka. Kuma ɗana ba zai fara sa hannu a kan ƙarya saboda ni ba, yana shirin fara sabon wuri, ko ma ina zai fara.

Ban sa hannu ba. Na kira shi, ni na kira, sau biyu kafin ya ɗauka. Na ce takardarsa akwai gyara, ya same ni a shago gobe ƙarfe takwas. Ya ce ko ya zo gida ya fi. Na ce shago na ce, kuma takwas, lokacin da kowa ya iso. Ya ce to Baba. Muryarsa wani iri. Layin ne ba kyau.

Na gaya wa Dogo kada kowa ya kunna inji sai na gama magana. Ba doguwa ba ce. Ba haƙuri zan ba kowa ba, gyaran takarda ne. In ya ga dama bayan nan ya nuna min inda batir ɗin injin yankan nan yake, da lambobinsa, tunda abu ne da na saya da kuɗina. Juma'a kuma tasa ce, ban ce ya zauna ba, ban ce ya tafi ba.

Amma lamba ta huɗu sai an sake ta. A bar maganar batir yadda take, haka aka yi. A ƙara cewa waldar ba ta da aibu, mai kwamfuta shaida ne. Sannan a goge "ba a san wanda ya yi ba". A rubuta sunana, cikakke, da na mahaifina, da manyan baƙaƙe.